Ashana ta Uku

Goron Dutse, cikin birnin Kano
Talata, farkon watan Rajab

Zuwa ga Bahijja, jikanyar ɗan baffana marigayi Abdulmalik,

Yau Talata na tashi da ɗan sauƙi. Gwiwa ta bar ni na je masallaci da ƙafata, amma tarin yana nan inda kika bar shi. Kunnen dama ya tafi bai yi sallama ba, na hagun ma yana ɗaure kaya. Ke nan lafiyata. Na faɗa miki ne don na san ba za ki tambaya ba.

Bayan haka ina gaishe ki, ina gaida kakinki da takalminki, tunda su ne danginki yanzu.

An ce kina kiran wayar nan da kika aiko mini. Nakan gan ta tana haske tana karkarwa a kan tabarma, in kara ta a kunne in ji shiru. Na mayar da ita cikin kwalinta. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane riƙon alƙalami ba zai rasa bakin magana don kunne ya mutu ba. Mikail direba, wanda yake lodi a Ƙofar Ruwa, ya ce duk mako yana wucewa ta bakin barikinku. Shi zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa. Ki rubuta da hannunki, ki kuma sa wa haruffa lanƙwasarsu. A katin da kika aiko da Sallah kin rubuta kina "kaunar" ganina, babu lanƙwasa a kan harafin farko. Ban san wannan kalmar ba. Wataƙila shi ya sa ban gan ki ba.

Tun ranar da na zauna a zauren nan na ba da aurenki ga Aminu ban sake sa ki a ido ba. Ubanki ya rasu, kakanki ya rasu, aka duba dangin uba kaf ba a sami namijin da zai yi miki walicci ba sai ni. A ranar na zama Baba Malam. Da aka shafa fatiha aka watse, na koma tsohon nan na Goron Dutse. Ban hana ki aikin soja ba, ko da yake ba a tambaye ni ba. Goggonki Hasana ta Haɗeja, wadda ta riƙe ki, ita ta ce to, ni kuwa sai hoto na gani: ke da wando da bindiga, hula a karkace.

A gidan nan aka yanke cibiyar kakanki, a nan aka yanke ta ubanki. Yau ba mai motsi a cikinsa sai ni da ƙadangaru, sai 'Yardada maƙwabciya in ta shigo da kwanon tuwo, ita ma ba don Allah kaɗai take shigowa ba, tana son abin da za ta fita da shi a baki. Mijinki yana nan Ƙofar Ruwa yana sayar da rodi da kwanon rufi, yakan leƙo ran Juma'a ya durƙusa ya gaishe ni. Bare ya san hanya, jini ya manta.

Ba roƙo nake ba. Zumunta a ƙafa take, ku kuma an ce ƙafa ce sana'arku. Ki nemi izini ki zo in gan ki tun idon bai bi kunnen ba.

Ni ne,
Malam Isiyaku, tsohon hedimasta

*

Bariki
Ranar Lahadi

Baba Malam,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ga shi na tambaya, sai a goge wannan daga cikin laifuffukana. Kakin da takalmin suna amsawa.

Baba, mu sababbi ba ma fita yadda muka ga dama. Ko bakin titi zan je sai da fas, fas kuwa sai oga ya tashi da fara'a. Ba mantuwa ba ce.

Ga labari mai daɗi. An zaɓe ni cikin waɗanda za su yi kwas ɗin sadarwa, wato aikin na'urar oba-oba da aika saƙo. Mata kaɗan ne a ciki. Wadda ta gama ta huta da gadin ƙofa da sharar ofis, kuma igiyar kofur ba za ta yi mata nisa ba. Tun ina kurtu nake addu'ar wannan.

Sai dai akwai sharaɗin da aka gindaya mana mu mata, wanda kunya ba za ta bar ni in rubuta maka ɓaro-ɓaro ba. Kai babba ne, za ka gane. Matan auren da ke cikinmu duk sun yi ashana, kowacce da yardar mijinta, ni kaɗai na rage. Aminu ya ce shi bai yarda ba, wai me mutane za su ce. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, yana nan kan bakansa. Ba na so in yi a ɓoye, kuma ko ina so ba dama, sai ya zo da kansa ya ce ya amince.

Duk duniya ba wanda Aminu yake jin nauyi kamarka. Kai ka koyar da mahaifinsa, kai ka ba shi ni. In ya zo gaishe ka ran Juma'a, abu ɗaya za ka ce masa: ka bar ta. Don Allah kada a ja lokaci, abin ba ya jira.

In ka yi mini wannan, fas ɗin farko da na samu a zaurenka zan kashe shi. In zo in share ɗakunan, in kori ƙadangarun, in dama maka kunun gyaɗa. Ai tsohon angon da aka tafi aka bari sai ya yi wa amarya aiki kafin ta dawo.

Ka duba da kyau, duk na sa musu lanƙwasa.

Jikarka,
Bahijja

*

Goron Dutse
Asabar, tsakiyar Rajab

Bahijja,

Jiya ban iya zuwa masallacin Juma'a ba, jiri ya hana ni. Yau Asabar ina zaune, amma abinci ba ya shiga. Ba tsufa ne ya jawo ba, takardarki ce.

Ki ajiye wasan jika da kaka, yau ba ranarsa ba ce. Na karanta takardar da tabarau, na cire na goge na sake karantawa, ko Allah zai sa idona ne ya yi ƙarya. Ashana iri biyu na sani a Hausa. Akwai ta kwali, wadda ake ƙyastawa a kunna fitila. Ba ita kike nufi ba, don ban taɓa jin matar da ta nemi izinin miji kafin ta hura wuta ba. Akwai kuma wadda nake ji a bakin 'yan kamasho tun kunnena yana aiki, sunan da suke kiran matan da ke tsayuwa a bakin titi. Kika ce sharaɗi ne, kika ce mata kaɗai aka gindaya wa, kika ce kunya ta hana ki faɗa, kika ce ta nan ake kaiwa ga igiya. To me ya rage ban gane ba? Tun muna yara in aka ce wance ta shiga bariki, uwarta kuka take yi. Na ɗauka zamani ya wanke kalmar. Ashe tana nan da dauɗarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni kika zaɓa in zama ɗan aike. Bakin da ya ce na bayar a gaban jama'a, shi kike so ya ce ka bar ta.

Don kada in zalunce ki, na tambayi 'Yardada ko mata suna da wata ashanar da maza ba su sani ba, na kuma karanta mata layin. Ta riƙe baki, ta yi salati, ta dire kwano ta fita ko mayafi ba ta gyara ba.

Aminu ya zo jiya bayan an sauko. Na zaunar da shi na ce: "Abin nan da matarka take nema, in ka yarda da shi kada ka sake taka zauren nan, kuma ban yafe ba." Na ga bakinsa yana motsi, na ɗaga masa hannu na ce ba na son jin komai. Ya sunkuyar da kai. Yaron kirki, ɗan mutunci. Ban san yana da haƙuri haka ba.

Ki tuɓe musu kakinsu ki koma ɗakinki. In kin zo nan da tuba, ƙofa a buɗe take. In da ashana za ki zo, akwai kwali guda a kan taga, ya ishe ni.

Malam Isiyaku

*

Bariki
Ranar Laraba

Malam,

Ina fatan jirin ya sauka. Wannan ita ce gaisuwar, ba ni da wata.

Ashanar fata ake ce mata. Wani ɗan siririn abu ne kamar tsinken ashana, ma'aikaciyar asibiti take sa wa mace a ƙarƙashin fatar dantse don kada ta ɗauki ciki sai ta shirya. In ta shirya a cire. Tazarar haihuwa ke nan da ake ta faɗa a rediyo, in da kana jin rediyo. Sharaɗin da na ji kunyar rubutawa kuwa shi ne: ranar da muka fara, Saje Halima, wadda take kula da mu mata, ta tara mu ta ce duk wadda ta yi ciki kafin a gama kwas za a cire sunanta a sa wani. Sistar da ke ɗan asibitinmu kuma ta rantse ba ta sa wa matar aure komai sai mijin ya tsaya gabanta, wai wani ya taɓa zuwa ya ci mata mutunci. Ga shi na rubuta ciki, na rubuta haihuwa, na rubuta wa sa'an kakana. Ka cinye kunyar tawa, sai ka huta.

Da ba ka gane ba, me ya hana ka tambaye ni? Mikail yana kan hanya duk mako. A'a, sai ka tambayi 'Yardada, wadda kai da kanka ka ce da baki take fita. Kafin mako ya zagayo magana ta isa Haɗeja. Goggo Hasana ta kira ni tana kuka, wai an ce waliyyina da bakinsa ya ce na zama 'yar bariki. Matar da ta soya awara ta kai ni makaranta. Uwar Aminu ta daina amsa gaisuwata. Ni da nake gudu da kaya a baya har ƙafata ta yi bororo don in ci halaliyata, ni aka yi wa wannan sunan, kuma daga zauren gidan ubana ya fito.

Aminu ya san sarai wace ashana ce. Ya ce ya buɗe baki zai yi maka bayani ka ɗaga masa hannu, shi kuwa da ya ga ruwan a gonarsa ya sauka sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Yanzu in na tayar da maganar sai ya ce: "Ni na isa? Baba Malam ya ce bai yafe ba." Ka ba shi garkuwa, da ita yake zuwa mini duk ƙarshen mako.

Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Naka kunnen ne bai ji ba, amma jikina ne a fili.

Abu biyu nake nema, kuma ba roƙo ba ne. Ka kira Aminu ka janye maganarka. Ka kira 'Yardada ta bi gidajen da ta shiga ta kwashe abin da ta zubar. In ba haka ba, kada ka sa ran ƙafata.

Ka tsufa kana gyara wa mutane lanƙwasar harafi, kalma guda ta kayar da kai.

Bahijja, soja

*

Goron Dutse
Alhamis, cikin Sha'aban

Bahijja,

Yau Alhamis ƙafafu sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce in rage gishiri. Na ce masa barkono aka aiko mini a ambulan, shi ne ya yi yawa.

Na ga kin sauke ni daga Baba zuwa Malam. Ba komai, Malam ɗin ma da gumina na same shi.

Na karɓi bayaninki, na ƙara kalma a kan waɗanda na sani. Amma wanda ya rubuta magana a dunƙule shi ya miƙa wa mai karatu wuƙa. Na sha gaya wa ɗalibai: takarda ba ta da fuska, ba ta ƙifta ido, abin da ka ɗora mata shi za ta sauke. Ke kika ce za ka gane. Na gane abin da ke rubuce. 'Yardada kuwa na yi mata magana, ta ce ita ba ta ce komai ba, tambaya kawai ta yi a wani gidan suna. Magana zarar bunu ce, ba ni da hannun da zai mayar da ita.

Yanzu ga ainihin zancen. Kin ce tazara. Tazara tsakanin abu biyu take: tsakanin gida da gida, tsakanin sahu da sahu, tsakanin wa da ƙane. Ke ba ki da na fari, tsakanin me da me za ki yi tazarar? Iyayenmu sun yi tazara, ban musa ba. Mace ta haihu, ta tafi gida, ta shayar har ta yaye, miji ya kama kansa. Amma sai da aka haihu tukuna. Wannan da kike nema ba tazara ba ce, rufe ƙofa ne tun baƙo bai yi sallama ba.

Ki dubi gidan nan. Mun tashi a cikinsa tabarma ba ta isar mu. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Matata Sa'adiyya, Allah ya jiƙanta, ba jiƙon da ba ta sha ba, ba malamin da ba ta je wurinsa ba, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga ƙwanta a duniya ba. Ta bar tukunyar wankan jego da ta saya tun tana amarya, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Ke kaɗai kika rage a jinin nan. Kuma ni za ki sa in kira mijinki in ce ya je gaban wata sista a tare abin da matata ta mutu tana nema, saboda oba-oba?

Na janye kalmar bariki. Ban janye hani ba. In shugabanninku ba sa son soja mai ciki, su daina ɗaukar mata. Wannan rigimarki ce da su, ba da ni ba.

Azumi ya ƙarato. Ki zo mu sha ruwa tare ko sau ɗaya ne, mu yi maganar baki da baki. In kin ɗaga murya ta ɓangaren hagu ina ɗan ji.

Malam Isiyaku

*

Goron Dutse
Litinin, cikin Zulƙida

Bahijja,

Yau Litinin. Bayan ƙaramar Sallah na kwanta a asibiti, an ƙara mini ruwa an sallamo ni. Yanzu ko bayan gida sai da sanda. Aminu ne ya kai ni ya dawo da ni, na tabbata ya gaya miki.

Azumi ya zo ya wuce, Sallah ta wuce, Mikail yana zuwa hannu rabbana. Har na fara zarginsa da zubar da takardu a hanya, ya rantse a hannunki yake danƙawa.

A bangon ɗakin da na kwanta akwai hoton abin naki, na yi ta kallonsa don ba ni da wani abin kallo. Ko tsinken sakace ya fi shi girma. Da na dawo na tambayi limamin unguwa, ban ambaci sunan kowa ba. Ya rubuta mini cewa in da yardar miji da mata, kuma na ɗan lokaci ne, malamai da dama ba su hana ba.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, har gobe ina ganin gaggawa ce irin taku ta 'yan yau. Amma ran Juma'ar da ta wuce na ce wa Aminu na ɗauke ban yafe ba daga kansa, ya je ya tsaya gaban sistar taku. Ya yi wani murmushi da ban gane kansa ba, ya ce to.

Na yi nawa. Kin ce fas ɗin farko a zaurena za ki kashe shi, alkawari kuwa kaya ne. Babbar Sallah tana tafe.

Malam Isiyaku

*

Bariki
Ranar Juma'a

Malam,

Allah ya ƙara lafiya. Aminu ya gaya mini, na kuma yi maka addu'a, don ba a hana mara lafiya addu'a.

Murmushin da ba ka gane ba bari in fassara maka, tunda fassara ce take ba ka wuya. Cikina ya shiga wata na huɗu. Cikin azumi na yanke jiki na faɗi a filin fareti, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa wurin sistar nan dai, ta auna ta ce, "Barka." Ita da ta hana ni, ita ta fara yi mini barka. Washegari Saje Halima ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Bahijja, ai na gaya muku. Kuma ke kika fi kowa kai a ajin nan." Ta karɓi littattafan ta ba wani Sadiƙ gurbina.

Yanzu ina sito ina ninke barguna. Bel ya daina kama ni, an ba ni wata riga kamar buhu. 'Yan ajinmu sun kusa gamawa, ina jiyo badujala ta taga suna gwajin faretin yaye su. An ce in sake nema in an buɗe wani. Yaushe, ba wanda ya sani, kuma wa zai zaɓi mai goyo?

Ba na ƙin abin da ke cikina, kada ka je ka tambayi 'Yardada wannan ma. Ina son sa, a lokacinsa na so ya zo. 'Yan watanni na roƙa, ba shekaru ba. Maganar da ake nema a Rajab ka kawo ta a Zulƙida. Ihu bayan hari.

Alkawarin da kake tuna mini da sharaɗi na yi shi. Ka koma ka karanta, tunda ka ce kai abin da ke rubuce kake ganewa.

Bahijja

*

Goron Dutse
Laraba, bayan Babbar Sallah

Bahijja,

Yau Laraba jiki da dama-dama. Takardarki ta fi maganin likita. Ranar da ta zo na ci tuwo har na nemi ƙari. Ki yi fushinki, ni dai na yi sujada.

Kwas ya wuce, wani zai zo. Wanda Allah ya rubuta zai sha iska, ba saje ba sista da ta isa ta tare shi.

Haihuwar fari a gida ake yi, al'ada ce, ba ni na ƙago ta ba. Gidan ubanki kuwa nan ne, ba Haɗeja ba. Na sa an fito da tukunyar Sa'adiyya an wanke. An share ɗakin kudu, wanda aka haifi ubanki a ciki, an toshe inda yake yoyo. Na yi magana da mai itace. Darbejiyar tsakar gida tana nan, ganyenta zai ishi wankan unguwa guda. 'Yardada ta ce ita za ta yi miki wankan ta dama kunun kanwa. Kin ga abin da baki ya ɓata, hannu ya gyara.

Ki sanar da ni watan, in shirya.

Baba Malam

*

Haɗeja
Ƙarshen Jimada Awwal

Malam,

Ina gaisuwa. Na sauka, namiji ne. A asibitin bariki na haihu, an sha wuya har sai da aka yi mini ɗinki. Da aka sallame ni Goggo Hasana ta zo ta taho da ni. Ita take ɗora ruwa, ita take tsoma ganye tana fyaɗa mini. Hannun da ya share mini hawaye shi zai yi mini wanka, ba bakin da ya sa ni kukan ba. Ka gaya wa 'Yardada ta sha kununta.

Hutun da aka ba ni ba shi da tsawo. In ya ƙare zan koma sito da jariri, ban san wa zai riƙe mini shi ba in an busa bigila. Masu sujada ba su gaya mini wannan ba.

An yi suna. Aminu ya raɗa masa Isiyaku. Ya tsaya gaban mutane ya ce, "Ba don Baba Malam ba, da ba a same shi ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi musu ba. Kai mai son al'ada ne, to ga wata: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ina yarinya nake ganin wannan kunyar shirme ce. Yau na gode wa wanda ya ƙago ta. Har in mutu ba mai jin sunan nan a bakina, kuma kowa zai ce kunya ce.

Aminu ya ce in mun yi arba'in zai biyo da mu ta Kano yawon gaida dangi, ran Asabar ta farkon Rajab, wai ka sa wa takwaranka albarka. Shi ya ce. Na rubuta maka ne yadda ya faɗa.

Bahijja

*

Goron Dutse
Asabar, farkon watan Rajab

Bahijja,

Yau Asabar. Ƙirji ya yi nauyi tun safe, alƙalami ma da ƙyar nake riƙe shi. In kin ga harafi babu lanƙwasa, ba jahilci ba ne.

Suna ba naki ba ne balle ki hana shi. In ba ki kira ba malaminsa zai kira, liman zai kira ranar aurensa. Kuma ki yi tunani: yaron da ya ci sunan tsoho, da me uwa take sakaya shi? Ko ta ce Baba, ko ta ce Malam. Duk wanda kika ɗauka, da shi kika kira ni.

Na yi wanka da hantsi, na sa farar rigar da na sa ranar ɗaurin aurenki. Na sa an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, an yi funkaso da miyar taushe. An sayo sabulu da 'yar riga da hula, hular kamar za ta yi masa yawa, amma zai girma ya same ta. Na fito da wayar daga kwalinta na ajiye a gabana, ko ban ji ba zan ga haskenta. Na zauna ta yadda kunnen hagu yake kallon ƙofa, ƙofar kuma na bar ta a wangale, kada ku yi sallama ban ji ba ku juya.

Azahar a nan na yi ta a zaune, ban shiga ciki ba. La'asar ma haka. Wata mota ta tsaya a bakin lungu, na yunƙura har sanda ta suɓuce. Siminti aka sauke. 'Yardada ta leƙo ta kawo baki kusa da kunnena, wai an ga motar Aminu a Ƙofar Nassarawa wajen gidan uwarsa. Na ce mata ban tambaye ta ba, na daina tambayarta komai.

Na sake ɗauko takardarki. "Shi ya ce." Tun ranar da ta zo na ga layin. Wannan karon na gane abin da ke rubuce sarai, na dai sa an yi funkason.

Tukunyar Sa'adiyya na sa an mayar da ita ɗaki an kife. Sabulun da rigar Mikail zai kawo bariki. Na takwarana ne, ba naki ba, ba ki da ikon mayarwa.

Ga mutane suna wucewa masallaci, magariba ta yi ke nan. Babu wuta, na ƙyasta ashana na kunna fitila don in ƙarasa layin nan. Funkason ya huce, na rufe shi da faifai.

Ba ku zo ba.

Ni ne,
Isiyaku